Yaron da Bai Iya Faɗin Inda Ke Masa Ciwo Ba: Shawara ga Iyaye kan Ciwon Dubura da Mazaunai

(Jawabin da aka gabatar a taron haɗin gwiwa na Zumuntar Mata da Zumuntar Maza)

 

Batun da aka ɗora mana yau ba irin wanda aka saba ji a taron ikilisiya ba ne, don haka tun da farko muna roƙon gafarar manya. Za mu ambaci dubura, da bayan gida, da tsutsa, kuma za mu kira su da sunayensu, gama idan muka yi ta kewaye-kewaye, uwar da ta zo da damuwa za ta koma gida da damuwarta. Abin da ya sa aka zaɓi batun kuwa shi ne yawan iyayen da suke zuwa gidan fasto, ko su tari uwargidan fasto bayan sujada, su ce yaro ya hana su barci, yana ta kai hannu baya yana kuka, ba ya yarda ya zauna, in an ɗora shi a fo sai ya sanƙare yana ihu. A yawancin wuraren da muke zaune asibiti yana da nisa, kuɗin mota ko na acaɓa ba kullum ake da shi ba, saboda haka shawarar farko takan fito ne daga bakin kaka, ko maƙwabciya, ko mai kemis, ko mu ma'aikatan ikilisiya. Tun da ana tambayarmu, wajibi ne abin da za mu faɗa ya zo daidai da abin da ma'aikatan lafiya suke koyarwa.

Suna ɗaya, cututtuka da yawa

Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku bai iya cewa "nan ke yi mini zafi" ko "ƙaiƙayi nake ji" ba. Kuka ne bakinsa. Mu kuma manya muna da sunaye biyu da muke liƙa wa kusan kowace damuwa ta wannan wuri: ko mu ce basir, ko mu ce ɗankanoma. Da zarar an sa suna, sai a daina dubawa, a shiga neman jiƙo. Alhali kuwa basir irin na manya, wato kumburin jijiyoyin jini a bakin dubura, ba kasafai yake kama ƙaramin yaro ba. Abin da ke damun yaron yakan zama ɗaya daga cikin abubuwa biyar ko shida dabam dabam, kowanne da nasa maganin, kuma maganin wani yakan ƙara wa wani tsanani.

Saboda haka aikin farko na uwa da uba shi ne su duba da idonsu. Hausawa suka ce gani ya kori ji. A wanke hannu da sabulu, a kwantar da yaron rub da ciki bisa cinya inda akwai haske sosai, a buɗe mazaunan a hankali, a duba. Kada a cusa yatsa ko wani abu. Bayan haka sai ku tambayi kanku: yaushe ne kukan ya fi yawa, da dare ne, ko lokacin bayan gida, ko lokacin fitsari, ko in ya zauna? Yaya bayan gidansa yake, da tauri, ko ruwa-ruwa, ko da jini? Jikinsa da zafi? An yi masa allura kwanan nan? A hannun wa yake yini? Amsoshin nan su ne malamin asibiti zai fara nema a wurinku, kuma su ne za su nuna muku wane ne daga cikin waɗannan da za mu lissafta.

Na ɗaya: ƙananan tsutsotsi masu sa ƙaiƙayi da dare

Idan yaro yana wasa lafiya da rana, amma da dare sai ya yi ta juyi yana susa, yana farkawa da kuka, to, ku fara zargin wannan. Wata 'yar tsutsa ce fara, siririya kamar zare, tsawonta wajen santimita 1. Tana zama cikin hanji, amma da dare macen takan fito bakin dubura ta zuba dubban ƙwai waɗanda ido ba ya gani, shi ne yake kawo ƙaiƙayin. Yaro ya sosa, ƙwan ya maƙale a farce, hannu ya tafi baki, sai cutar ta sake sabon zagaye. Ƙwan yana iya yin mako 2 zuwa 3 da rai a kan tabarma, da zanen gado, da wando, shi ya sa in ta shiga gida takan kama yara duka har da manya. Ga 'ya mace, tsutsar takan ratsa ta gaba, ta sa mata ƙaiƙayi a can ma.

Kuna iya tabbatarwa da kanku. Bayan yaro ya yi barci da awa 2 ko 3, ku haska da tocila ku duba, sau da yawa za ku gan ta tana motsi. Maganinta mai arha ne, albendazol ko mebendazol, amma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi awon da ya dace da shekarun yaron. Albendazol dai, ɗan wata 12 zuwa 23 akan ba shi miligiram 200, wanda ya kai shekara 2 kuma miligiram 400. Jaririn da bai cika shekara ba, da mace mai ƙaramin ciki, ba a ba su sai da izinin likita. Abubuwa biyu ne iyaye sukan manta: a ba dukan mutanen gidan rana ɗaya, kuma a maimaita bayan mako 2, domin maganin yana kashe tsutsar amma ba ya kashe ƙwan. A haɗa da yanke farce, da yi wa yaro wanka da safe, da wanke zannuwa a shanya su a rana. Ana yawan cewa shan zaƙi ne yake kawo tsutsa. Sukari yana ɓata haƙori, wannan gaskiya ne, amma tsutsa daga ƙwanta take fitowa, ƙwan kuma ta hannu mai datti yake shiga.

Na biyu: taurin bayan gida da tsagewar dubura

Wannan shi ne ya fi sa yaro ihu a kan fo. Yakan faru lokacin yaye, ko lokacin da aka fara koya masa zaman fo, ko in abincinsa ya koma biskit da taliya da burodi da madara, ga ƙarancin ruwan sha, balle a watannin zafi. Bayan gidan sai ya bushe ya yi tauri kamar na awaki, in ya zo fita ya tsaga fatar bakin dubura. Za ku ga ɗan jan jini a jikin bayan gidan ko a tsumma. Tsagar ƙarama ce amma tana da raɗaɗi ƙwarai.

A nan ne muke roƙon iyaye su fahimci abin da ke cikin zuciyar yaron. Ya sha zafi jiya, yau yana tsoro, sai ya matse. Za ku gan shi ya ɓuya a lungu, ya harɗe ƙafafu, ya miƙe a kan yatsu, fuskarsa ta yi ja, ku ɗauka yunƙuri yake yi, ashe riƙewa yake yi. Iyakar daɗewar bayan gidan a ciki, iyakar ƙara taurinsa, in ya fito ya sake buɗe tsagar. Wani lokaci ma mai ruwa-ruwa yakan zurara ta gefen mai taurin ya ɓata wando, a ce yaro ya yi ganganci, a ɗauko bulala. Iyayenmu maza, duka ba ya warkar da wannan, ƙara masa tsoro yake yi.

Abin yi shi ne a tausasa bayan gidan har yaron ya manta da zafin. A yawaita ba shi ruwa mai tsabta. A ba shi gwanda, lemo, kankana, mangwaro in lokacinsa ne, wake, miyar kuɓewa, miyar kuka, zogale da alayyafo, duk abubuwan da Allah ya ba mu a gonakinmu. A zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi kaɗan a roba, wanda kin gwada da gwiwar hannunki, na wajen minti 10, sa'an nan a shafa basilin a bakin wurin. A riƙa ɗora shi a fo bayan ya ci abinci, minti 5 ya isa, ƙafafunsa a ƙasa, ba tsawa ba gaggawa. Idan an yi haka kwana da kwanaki bai sauya ba, a je asibiti. Akwai maganin tausasa bayan gida na yara, kuma wani lokaci sai an sha shi makonni ko watanni. Yaron da tun haihuwarsa yake fama da wannan, cikinsa a kumbure, ba ya ƙara nauyi, shi kam likita ne zai bincika hanjinsa, abinci kaɗai ba zai gyara ba.

Na uku: ƙonewar fata daga nafkin, famfas ko gudawa

Idan kun buɗe kuka ga fatar ta yi ja, ta saɓule kamar an zuba ruwan zafi, to, fitsari da bayan gida ne suka daɗe a jikinta. Mun san famfas ya yi tsada, kuma mun san dabarar da ake yi ta barin guda ɗaya daga safe har yamma, musamman ran Lahadi da ranar kasuwa. Gara tsumma mai tsabta da ake sauyawa a kan kari da famfas da ya yini a jiƙe. A wanke wurin da ruwa zalla, a tsane shi da tattausan ƙyalle ba tare da gogawa ba, a bar yaron ya sha iska babu wando na wani lokaci, sa'an nan a shafa basilin ko man kaɗanya mai tsabta. 'Ya mace kullum daga gaba zuwa baya ake wanke mata, don kada ƙazanta ta shiga mafitsara. Yarinyar da take kuka lokacin fitsari, ga zazzaɓi, a kai ta a gwada fitsarin.

Idan bayan kwana 3 jan bai ragu ba, ya shiga matsematsin cinya, da ƙananan ƙuraje a gefe, wata irin cutar fata ce ta hau kai, wadda take da nata man shafawa a asibiti. Idan kuma jan ya kewaye bakin dubura kamar zobe, yana sheƙi, yana zafi, wannan yakan bukaci maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha, wanda likita zai rubuta.

Inda gudawa ce tushen abin, to, ita ce babbar barazana, ba jan fatar ba, gama ƙarewar ruwan jiki tana kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Tun shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa ruwan ORS da ƙwayar zink: miligiram 20 kowace rana har kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata 6 ba kuma miligiram 10. In babu ORS a kusa, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. A ci gaba da ba shi nono da abinci. Bayan gida mai jini da majina kuwa, wato atuni, na asibiti ne kai tsaye.

Na huɗu: fitar baya

Wannan shi ne yake firgita iyaye fiye da kome: yaro ya yi yunƙuri, sai ga jan nama ya leƙo. Ƙarshen hanji ne ya zamo waje. Ya fi samun yara 'yan shekara 1 zuwa 4, musamman wanda ya daɗe yana gudawa, ko mai tamowa wanda naman jikinsa ya zube, ko mai tsutsar ciki da yawa, ko wanda ake bari ya daɗe a tsugune. Ba tsiro ba ne, ba kuwa abin yankewa ba ne. Muna jaddada wannan, domin wanda ya yanke shi ya yanke hanjin yaro.

Ki wanke hannu, ki kwantar da shi rub da ciki, mazaunansa sun ɗan ɗaga, ki shafa basilin a tsabtataccen ƙyalle, ki danna a hankali, a hankali, har ya koma. Ko ya koma, a kai shi asibiti don a nemi abin da ya jawo shi. In ya ƙi komawa, ko ya fara yin baƙi, a tafi nan take ko tsakar dare ne. Abin ƙarfafawa shi ne, yawancin yaran nan suna warkewa ba tare da tiyata ba da zarar an magance gudawar, ko tsutsar, ko yunwar.

Na biyar: maruru da illar allura

Kumburi mai zafi a gefen dubura ko a kan ɗuwawu, wanda yaro ba ya yarda a taɓa, sau da yawa mugunya ce ta taru a ciki. Kada a matsa, kada a huda da allura ko reza. A asibiti ake buɗe shi da kayan aiki masu tsabta. Ku tuna kuma ko an yi wa yaron allura a wurin. Mutanenmu da yawa sun gaskata cewa magani bai yi ba sai an yi allura, shi ya sa masu yawo da jaka suke samun kasuwa a ƙauyukanmu. Akwai wata babbar jijiya da ta bi ta cikin ɗuwawu ta sauka har tafin ƙafa. Ɗuwawun ƙaramin yaro ba shi da nama sosai, in allura ta same ta, yaron da yake gudu jiya sai a gan shi yana jan ƙafa, wani har iyakar ransa. Don haka ne ma'aikatan da aka horar suke yi wa ƙananan yara allura a cinya, kamar yadda kuke gani ranar rigakafi. Duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ko an yi masa allura ko ba a yi ba, a sanar da asibiti, domin ko da yake an tabbatar a shekarar 2020 cewa Nijeriya ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, har yanzu ana bin sawun irin wannan.

Abubuwan da muke roƙo a daina

Iyayenmu kakanni, muna girmama ku, kun reni 'ya'ya da jikoki tun ba mu san kome ba. Amma akwai abubuwan da aka gada waɗanda suke ƙara wa yaro azaba. Ɗura jiƙo ko ruwan sabulu ta dubura yana iya ƙona hanji ko ya huda shi. Shafa man zafi, ko toka, ko kanwa, ko barkono a fatar da ta riga ta saɓule, ku gwada a kan ƙaramin rauni a hannunku ku ji. Tsugunar da yaro bisa hayaƙi ko ruwa mai tururi ya ƙona yara da dama. Tsaga da aska tana zubar da jinin da yaron ba shi da shi, ta kuma buɗe ƙofa ga wasu cututtuka.

Na zamani ma suna da nasu. Fasa kafso ja da rawaya a zuba cikin koko, wato tetirasaikilin, yana ɓata haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba. Mayukan bututu da ake cewa suna maganin kome, waɗanda wasu mata suke haɗawa da man shafawar jariri don ya yi haske, suna ɗauke da wani magani mai ƙarfi da yake sa fata ta yi siriri, ya kuma ratsa cikin jiki. Kada kuma mu manta da abin da ya faru daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, lokacin da maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga cikinsa, ya kashe yara 84 a ƙasar nan. Iyayen yaran nan ƙauna ce ta sa suka sayo shi. Saboda haka duk maganin da za a ba yaro, ma'aikacin lafiya ya rubuta shi, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, ko da farasitamol ne.

Alamun da ba a kwana da su

Ku riƙe waɗannan da ka. Yaro ya ƙi nono ko ya kasa shan ruwa, yana amayar da duk abin da aka ba shi, yana jijjiga, ya yi laushi, ana tashinsa ba ya farkawa sosai, idanunsa sun faɗa, jini mai yawa a bayan gida, ciki ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi mai zafi tare da kumburi. Akwai kuma yaron da zai yi ihu yana naɗe ƙafafu, ya yi shiru, ya sake ihu, ga amai, sa'an nan ya yi bayan gida mai jini da yauƙi: hanji ne ya shige cikin ɗan'uwansa, kuma kowace awa da aka ɓata tana da tsada. In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada a jira Baba ya dawo daga gona, kada a jira gari ya waye. A yi addu'a a kan hanya.

Na shida, wanda ya fi nauyin faɗi

'Yan'uwa, wani lokaci ba tsutsa ba ce, ba kuwa taurin bayan gida ba. Hannun mutum ne. Ana lalata da ƙananan yara, mata da maza, har waɗanda ba su iya magana ba, kuma mai yin haka galibi ba baƙo ba ne. Wanda aka sani ne, aka amince da shi, aka bar masa yaro: ɗan'uwa, maƙwabci, ɗan haya, wani lokaci mai zama a benci ɗaya da mu ran Lahadi. Idan kuka ga rauni, ko ƙujewa, ko jini, ko wani ruwa yana fita, alhali bayan gidan yaron ba shi da tauri. Idan tafiyarsa ta sauya. Idan ya fara firgita da ganin wani mutum wanda dā yake zuwa wurinsa da gudu, kada ku kawar da kai. Waɗannan alamu ba su isa a yanke wa kowa hukunci ba, likita ne zai duba ya faɗi abin da ya gani. Amma sun isa su sa ku tashi.

Kada a yi wa yaron wanka, kada a wanke kayan da ke jikinsa, a kai shi asibiti yadda yake. Akwai maganin da yake hana kamuwa da ƙanjamau, amma dole a fara shi cikin awa 72, wato kwana 3. Akwai cibiyoyin da aka keɓe don irin wannan, kamar Salama a jihar Kaduna da Waraka a Kano, kuma kowane babban asibiti zai iya karɓarku. Doka ma tana bayan yaron: akwai Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015.

Mun san abin da yake ɗaure mana baki. Mu kaɗan ne a inda muke, sai a ce kada a ji kanmu a waje, kada a ɓata sunan ikilisiya, a bar dattawa su sasanta a cikin gida. Ku ji mu da kyau: kwamitin dattawa yana da ikon horon ikilisiya, amma ba shi da ikon rufe laifin da aka yi wa yaro. Wanda aka rufa wa asiri yau, gobe ɗan wani zai taɓa. Kowa ya koma gida ya karanta gargaɗin da Ubangijinmu ya yi a Matiyu sura 18 game da masu cutar da ƙanana. Sunan ikilisiyar da ta tsaya wa ɗan shekara biyu ba zai ɓaci ba.

Addu'a da asibiti

Wasu sukan tambaye mu ko zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. A littafin 2 Sarakuna sura 20, annabi Ishaya ne da kansa ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun sarki Hezekiya, bayan sarkin ya yi addu'a da hawaye. Luka wanda ya rubuta mana Bishara likita ne. Waɗanda suka kawo mana bishara kuma da akwatin magani suka zo: asibitin Vom a Filato tun 1922 yake, na Galmi a Jamhuriyar Nijar tun 1950. Don haka duk wanda ya ce muku ku riƙe yaro mai zubar jini a gidan addu'a har kwana bakwai, ko ya ce maita ce ta kaka ko ta kishiya, kafin kowa ya buɗe wando ya duba, bai yi muku adalci ba. Gidaje nawa ne suka rabu saboda zargin maita, a kan abin da ƙwayar magani guda za ta kawar?

Abin da kowace ikilisiya za ta iya yi

Muna ba da shawara huɗu, waɗanda ba su fi ƙarfin ko da ikilisiya mai iyali goma ba. Da fari, kowace majami'a ta kasance da shadda mai murfi, da buta da sabulu a bakinta, malaman Makarantar Lahadi kuma su koya wa yara wanke hannu bayan bayan gida da kafin cin abinci. Kashin yaro ma a zuba shi a shadda, gama ba shi da tsabtar da ake ba shi. Ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ba su gaza na babba ba. Na biyu, a riƙa sanarwa a sujada duk lokacin da hukuma ta shirya makon lafiyar mata da yara, inda ake ba da bitamin A da maganin tsutsa kyauta, a kuma gaya wa maƙwabtanmu, tun da rijiya ɗaya muke sha, yaranmu kuma tare suke wasa. Na uku, Zumuntar Mata ta ware ɗan asusu na kuɗin mota, wanda za a iya ɗauka da dare ba tare da kiran taro ba, a kuma san wane mai babur ne za a buga wa ƙofa. Na huɗu, a gayyaci nas ko malamin asibiti, ko daga cikinmu ko daga waje, ya zo ko sau biyu a shekara, mata su yi masa tambaya a sake.

Ku kuma iyaye maza, kada ku ce wannan sha'anin mata ne. Sau da yawa uwa ta ga alamar tun da wuri, amma izini da kuɗin mota suna aljihun maigida. In ta ce maka, "Baban yara, zo ka gani," ka tashi ka je ka gani.

Za mu tsaya a nan domin a sami lokacin tambayoyi. Wadda take jin nauyin yin tambaya a gaban jama'a, ta rubuta a takarda ta ba shugabar Zumuntar Mata, ko ta same ta a keɓe bayan an tashi. Ubangiji ya ba mu idon lura da hikimar reno, ya tsare 'ya'yanmu, ya warkar da waɗanda suke kwance, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya. Amin.